Ranar da na kira sunansa a bakin rijiya

Lambunmu na bayan garin Mirriya na haɗin gwiwa ne. Kowane gida da fangalinsa, amma rijiya ɗaya ce, injin ban-ruwa ɗaya, kuma kowane gida da ranarsa. Ran da layi ya zo kanku, ku za ku zuba esansi, wato fetur, ku tayar da inji, ku shayar da shukar kowa. Albasa da shu, wato kabeji, da salatin maƙwabta duk a wuyanku suke har faɗuwar rana.

A wata bazara ruwa ya yi ƙasa, inji ya kasa jawo shi. Maza suka zauna suka yi shawara irin tasu, suka gitta katako a cikin rijiyar, suka zura injin da igiya ya zauna can kusa da ruwa. Ni tun ranar raina bai kwanta ba. In ka leƙa, hayaƙi ne kwance a ciki ba ya fita. Da na yi magana, aka ce mata ba sa rabo da tsoro.

Layinmu ya faɗo ranar kasuwa. Maza duk sun tafi da kayan lambu, daga ni sai mijina, wanda nake kira Malam, sai wasu mata masu cire ciyawa, da wata tsohuwa da kowa ke ce wa Iya. Injin ya yi aiki tun safe, da hantsi ya yi tari ya mutu. Na juya na ga Malam yana tuɓe riga.

"Malam, don Allah ka bari hayaƙin ya fita."

"Albasar mutane fa? A ce a ranarmu ta yi yaushi? Yanzu zan fito."

Mazan lambun nan ba sa ɗaura igiya, ramukan jikin rijiya suke takawa su sauka, kuma abin kunya ne a ga namiji a ɗaure. Ban nemi izininsa ba. Na ɗauko igiyar guga na zarga masa a ƙugu. Ya yi dariya ya ce na mai da shi akuya.

Yana sauka yana mita, yana zagin injin. Muddin ina jin mitar nan, numfashina na fita. Can sai na ji ya ce, "Kaina..." Igiyar ta fizge a hannuna, ta yi nauyi.

"Malam!"

Shiru. Na leƙa, ba na ganin komai sai duhu da hayaƙi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa sani ba. Tun da aka kawo ni gidansa sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, ko a bayan idonsa, domin haka muka ga iyayenmu suna yi. Ranar na buɗe baki a gaban kowa na kwarma shi cikin rijiyar, na sake, na sake. Muryata ce kawai ta dawo mini.

Har na sa ƙafa a ramin farko, Iya ta damƙe mini zane.

"Ke, 'yar nan, gawa biyu kike so mu fitar? Ku kama igiya!"

Muka kama. Muna ja muna salati, igiyar na cin tafin hannunmu, ni kuwa tunanina ɗaya, ƙullin da na yi. Ban iya ƙulli ba, ko na ɗaurin itace kwance mini yake yi. Duk ja ɗaya sai in ji kamar yanzu igiyar za ta taho ba kowa.

Ya fito a naɗe, kai na lilo, goshi a fashe. Muka shimfiɗe shi a inuwar dogon yaro muna yi masa fifita da ɗankwali. Iya ta kara kunne a ƙirjinsa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Sai ya shaƙe, ya yi amai, ya ja numfashi. A amalanke muka kai shi likita.

Washegari maza suka fito da injin, ba wanda ya iya kallon idona. Matan lambu kuwa har yau suna tsokanata, wai ashe na san sunan mijina. Ina taya su dariya, amma cikina ba ya dariya. Shi bai san an yi ba, bai ji komai ba. Rana ɗaya tak na kira sunansa a duniya, kuma bai amsa ba. Shi ya sa in ya cika shiru a ɗaki, ko me nake yi sai na ajiye na je na leƙa.