Karkashin da Na Riƙa Ɓatawa

Wata Laraba ce a watan Azumin Tsofaffi, shekarar da na cika tara, tun Nasara ba su san hanyar Haɗeja ba. Kogi ya yi ambaliya ya shafe fadama, ya bar 'yan bukkokinmu a kan tudu, ruwa gabas ruwa yamma. Kaka, mahaifiyar babana, ta kife turmi ta zauna a kai, ƙafafunta a kumbure, ta miƙo mini maburgi ta ce daga yau tukunyar miya tawa ce. Ba ta ɓoye mini dalili ba. Agana ta riga ta kwashe iyayena da yayyena biyu, mu kaɗai muka rage a gidan, ita kuma ƙarfinta ya ƙare. Ta ce ranar da na iya miya, ranar za ta aika wa Goggo Hajo, ƙanwar babana da ke aure a Kafin Hausa, a zo a tafi da ni, don ba za ta kai wa mutane yarinyar da ba ta san bakin murhu ba.

Haka muka fara. Da hantsi nakan ɗauki ƙwarya in bi gefen ruwa ni kaɗai, don sa'o'ina duk suna tsallake, sai dai in jiyo muryoyinsu suna gaɗa idan iska ta juyo. In tsinko tafasa da rama da yakuwa, in leƙa bayan danga in karyo zogale. Kaka ta koya mini cewa rama sai an dafa ta an zubar da ruwan farko an matse kafin a kwaɗanta, yakuwa kuwa ba ta son hannu mai nauyi. Takan ce, "Ganye shi ke riƙe jinin talaka, Tabawa, nama baƙo ne." Ni kuwa ga kaifin kai, kafin wata ya mutu na iya su duka. Saura karkashi, wanda ta ce shi ne na ƙarshe.

Nan fa na tuna cewa iya shi ne rabuwata da Kaka. Na ƙudurta a raina ba zan iya karkashi ba har abada. Miya ce mai son kanwa ɗan ƙanƙani don ta yi yauƙi, ni kuwa sai in faki idon Kaka in zuba mata ruwan kanwa rabin ludayi. Miyar ta fito baƙa, ga ɗaci, ga wani wari kamar toka. In tsakuri tuwona in ci da daddawa a ɓoye, in tura mata akushi. Ta ci, ta suɗe hannu, ta ce gobe ma rana ce. Wallahi har daɗi nake ji, ina ganin na yi wa tsohuwa wayo.

Juma'a uku muna haka. Wata safiya na dawo daga tsinkar ganye na tarar da ita a bayan rumbu, ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta kasa miƙewa. Kanwa ta wanke mata ciki, kullum tana zagayawa ba ta faɗa mini ba. Da na kama ta zan ɗaga, sai na ji ba ta fi damin kara nauyi ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ko ranar da aka fita da mahaifiyata.

Ran nan na wanke tukunya sau biyu. Na gyara busasshen tarwaɗa, na daka daddawa da barkono, na ɗiga kanwa da ɗan yatsa, na burga karkashin yana bin maburgi, kore shar. Ina yi ina kuka, don na san abin da nake dafawa. Kaka ta kai loma ɗaya, ta kai ta biyu, har ta cinye. Sannan ta dube ni ta ce, "Ai tun ranar farko na ga hannunki, Tabawa. Ni ma ban shirya ba ne."

Da ruwa ya ja baya mijin Goggo Hajo ya zo da jaki. Kaka ta raka ni iyakar danga, nan ƙafarta ta tsaya. Maƙwabciyarmu ta yi alkawarin kai mata tuwo. Kaka ba ta ga damina ta gaba ba, labarin ma sai da ya kwana goma kafin ya iso ni.

Yanzu gidana cike yake da jikoki, murhu uku ake hurawa. Yaran nan suna yatsina fuska idan sun ga ganye, ni kuma ina zaunar da su ina koya musu, da faɗa da lallashi. Idan ɗaya ta ɓata miya uwarta takan ce a zubar, in ce a miƙo mini akushin. Nakan cinye, su yi ta dariya wai tsufa ya kashe mini harshe. Ban taɓa gaya musu dalili ba, kuma wadda ta san shi ta daɗe a ƙasa.