Tukunyar Iri a Bakin Kogi

Malam Sani, bayan gaisuwa da fatan alheri. Jiya a barcin ƙailula na yi wani mafarki, kuma ban ga wanda ya cancanci in labarta wa ba sai kai.

Ka fara sanin halin da nake ciki. Ambaliyar bana ta cinye gonar ƙanwata Hauwa, ta aiko tana neman hatsi saboda jikokinta. Babu abin da ya rage a rumbuna face irin dawar da mahaifinmu ya bar mana, wadda babu mai ita a garin nan sai ni. Har yanzu ban ba ta amsa ba.

A mafarkin, na gan ni a gaɓar wani babban kogi wanda ruwansa bai daɗe da janyewa ba, ya bar baƙar laka. Mutane sun jeru suna huda lakar da tsinin itace, suna jefa ƙwaya. Ba su da fartanya, ban ga ƙarfe a hannun kowa ba. Na yi sallama, ba a amsa ba. Aka jefa mini a zuciya cewa waɗannan ne farkon waɗanda suka yi shuka.

Sai kawai na gan ni a wani ɗakin ƙasa. Wata tsohuwa tana tsince manyan zangarniyoyi tana zubawa a tukunya, kusa da ita wata yarinya tana kukan yunwa. Ta miƙa wa yarinyar saiwar ciyawa, ta kama liƙe bakin tukunyar da yumɓu. Na ce, “Iya, ba kya jin kukan nan?” Ba ta ko ɗago kai ba.

Sai kawai wurin ya zama birni mai ganuwa, da rumbuna masu tsawo, da jiragen ruwa maƙare da hatsi. Wata murya ta ce, ba tare da na ga mai ita ba, “Duk wannan daga tukunyar nan ya fito.” Na bi layin mata masu niƙa ina duba fuskokinsu, ina tambaya ko yarinyar ta rayu har ta ga wannan. Kowa ya ci gaba da aikinsa.

Daga nan tsohuwar ta ɗora mini tukunyar a hannu. Yumɓun bai bushe ba, yatsa ɗaya ya isa ya huda shi. Ina tsaye da ita kiran sallar la'asar ya tashe ni.

Na yi addu'a, na nemi tsari daga ruɗin Shaiɗan, domin na san zuciya takan yi wa mutum mafarkin abin da take so. Gobe ɗan aiken Hauwa zai dawo. Don Allah ka duba mini, Malam: birnin aka so in gani, ko yarinyar da aka ƙi gaya mini makomarta?