Rabin Awar Malam Audu

Washegarin ranar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, a watan Oktoban 1979, hantsi ya same ni durƙushe a kan tsakuwa a bakin ajinmu na firamare a Tarauni. Shekarata goma. Laifina shi ne na ce wa ƙawata Rabi ta ara mini fensir, kuma da Hausa na faɗa. Malam Audu, mai koya mana Turanci, ya ɗaga hannun rigarsa, ya dubi agogonsa, ya yanke hukunci yadda ya saba: "Half an hour."

Duk ajin shi kaɗai ke da agogo. A zangon karatun nan ya cika mana allo da kalmomin awo, su "inch" da "yard" na tsawo, "dozen" na yawa, "minute" da "hour" na lokaci, muna rerawa kamar waƙa ba mu san girman ko ɗaya ba. Shi ya sa rabin awarsa ba ta da iyaka. Wata rana takan ƙare kafin a fita tara, wata rana kuwa har masu sayar da ɗanwake su kwashe kwanukansu kana nan, gwiwa ta yi sawun tsakuwa. Ba wanda ya taɓa tambaya.

Ni na riga na ɗauki abin da zafi. A gidanmu na Gyadi-Gyadi komai da ma'auninsa. Inna takan auna zane da kamu, gero da mudu, ta san adadin guga da ke cika randa. Yadi ban sha wahalarsa ba, don na gan shi a jikin tef ɗin telan layinmu. Dozin kuma na ƙirga shi a kwalin ashana. Lokaci ne ya gagare ni, sai da na lura da rediyon Baba da ke rataye a ƙusar zaure. Akwai wani shiri da mai gabatarwa kan ce na minti goma sha biyar ne. Ina shara ina wanke-wanke na riƙa gwada shi da haddata ta makarantar allo, har na gano izu guda, in na karanta a nitse, yakan kai ni daidai ƙarshen shirin. Izu sau biyu ke nan rabin awa.

Da safen ranar da aka hukunta ni Baba ya ce wa maƙwabcinmu, "Ka gani ko, Alhaji? Sojoji sun faɗi rana, kuma ranar suka tafi." Maganar tana kaina lokacin da na durƙusa. Na karanta izun a zuci, na maimaita, na ƙara ɗan jinkiri saboda tsoron kuskure, sannan na miƙe na kaɗe siket. Malam ya juyo da alli a hannu: "Ke! Wa ya ce ki tashi?" Na ce, "Half an hour, sir. Finished." Ya dubi agogon, ya daɗe yana dubansa fiye da yadda ake duban agogo. Sannan ya yi mini bulala uku a tafin hannu saboda tashi ba izini. Ban yi kuka ba, kuma bai ce in koma in durƙusa ba. Daga wannan mako, duk wanda aka hukunta, sai Malam ya kwance agogon ya ajiye a bakin taga inda kowa zai gani.

Yau filin da muke 'yar gala-gala ya zama jerin shaguna, jikokina kuma wayar hannu ke faɗa musu lokaci kafin su tambaya. Ba su taɓa auna minti da gwiwarsu ba, kuma ba na yi musu fatan haka. Sai dai ina kewar zamanin da kalma ɗaya takan ɗauke mu makonni kafin ta zama tamu. Har gobe in aka ce in jira, nakan tambaya, zuwa yaushe?