Warin Saniya a Littafin Shekara

Shekara ashirin da biyu ke nan ina jan motar makaranta a Harmon Fork, gwiwata ta hagu ce shaida. Kullum bakwai saura kwata hanyata tana bi ta ƙofar gidan ƙanwata Lorene, kuma duk shekarun nan ban taɓa taka birki a wurin ba sai bana. 'Ya'ya huɗu ta haifa, kafin bana babu wanda ya taɓa hawa motata. A teburin kicin ɗinta ta karantar da su, tun daga baƙi da wasali har lissafin da ni ko sunansa ban iya faɗa ba.

'Yan cocinmu sun ɗauka don addini ne ta hana su makarantar gwamnati, kamar yadda rabin masu karantar da yara a gida suke yi a yankinmu. Ta bar su da zatonsu. Ni da muka tashi ɗaki ɗaya na san dalili. Lorene mai i'ina ce tun tana ƙarama. Tana aji shida malamarsu ta tsayar da ita gaban aji ta karanta shafi guda, ta maƙale a kan kalma ɗaya har aka kaɗa ƙararrawa. Kafin a tashi sunanta ya koma Lo-lo-lorene, sunan kuwa ya bi ta har ta bar makaranta tana 'yar shekara sha shida. Ta auri Dwight Tackett mai kiwon shanu, mutumin da maganarsa ta yini ba ta cika cokali ba, ta karance rabin laburaren garinmu. Ranar da ta haifi ɗan fari ta ce min babu ɗanta da zai tsaya gaban aji a yi masa dariya. Ko kallona ba ta yi ba da ta faɗa.

Abin da har yau yake ɗaure min kai, idan tana karanta wa 'ya'yanta littafi harshenta ba ya sarƙewa ko sau ɗaya.

Halin Lorene ɗaya ne. Duk abin da ta ji makaranta tana da shi, sai ta yi nata, kuma sai ya fi. Ta ji suna da ɗakin gwajin kimiyya, ta share tsohon ɗakin kaji ta mayar. Ta ji suna fita yawon buɗe ido, ta loda yaran a motar Dwight har Saint Louis. Hutu ne kawai ba ta kwaikwaya ba. Ranar da dusar ƙanƙara ta toshe hanya yaran gari suka kwana murnar babu makaranta, 'ya'yan Lorene suna kan teburi ƙarfe takwas, don tsakanin gado da kicin babu hanyar da za ta toshe. Uku sun girma sun tafi: ɗaya ma'aikaciyar jinya ce, ɗaya mai walda, ɗaya yana Kansas City, sai ya ga dama yake kira. Saura auta, Maribeth, wadda aka haifa wata ɗaya da tawa autar, Kendra.

Wannan wata ɗayan shi ya ja mana. Tun suna rarrafe ake auna su, kuma na gaji da awon nan gajiyar da barci ba ya maganinta. Duk Lahadi bayan sujada, ana cin soyayyar kaza da wake a zauren coci, sai an tayar. Maribeth tana da shekara sha biyar ta iya karɓar haihuwar saniya, ta iya cika kwalaben tumatir na hunturu, tana kallon babba cikin ido ta tambaye shi ya ciwon bayan. Kendra tana can kusurwa ta duƙufa a waya, gashi ya rufe rabin fuska.

Tsohuwa Eunice Hobbs, wadda ba ta taɓa haɗiye magana ba, takan kira sunana ta ce, "Ke Wanda, taki 'yar tana da baki kuwa? Ni dai tun Kirsimeti ban ji muryarta ba. Dubi ta Lorene, sai ka ce 'yar shekara arba'in."

"Tawa tana da ƙawaye, Baba Eunice," in ji ni.

"Ƙawaye! Su ne suke sa ta kuka a mota?"

Gaskiya ta faɗa. Duk Litinin Kendra da ciwon ciki take tashi. Yau an hana ta zama a teburin su wance a ɗakin cin abinci, gobe an yaɗa hotonta tana hamma, jibi an yi atisayen ɓuya daga ɗan bindiga ta dawo ba ta magana. Ba zan ɗaga hannu in rantse tana cikin farin ciki ba. Amma in aka yabi Maribeth sai in ji kamar ni ake zagi, kuma Lorene takan sunkuyar da kai tana murmushin nan nata da ke sa in ji kamar in kifa mata kwanon waken.

Ƙarshen watan Mayu Kendra ta zo da littafin shekara, mai hotunan 'yan makaranta aji-aji, shafukan baya cike da rubutun ƙawaye. Shirme ne zalla. Wannan ta ce a sha hutu lafiya, wancan ya zana mata gashin baki, wata ta rubuta "kar ki canza" sau uku. Mun je gidan Lorene ɗaukar ƙwai, Kendra ta yar da shi a kujerar baranda. Maribeth ta ɗauka. Muka sha kofi, muka yi gulmar fasto, muka leƙa lambu, muka dawo, yarinyar tana nan tana bin rubutun da yatsa, tana tambayar Kendra wane ne wannan, me ya sa ya ce miki haka. Lorene ta tsaya bakin ƙofa tana kallo. Na san abin da zai biyo baya.

Sati uku ta yi tana haɗa wa Maribeth nata littafin shekarar. Ta kai maɗaba'a a babban gari aka buga mata da bango mai tauri, ya fi na makaranta kyau nesa ba kusa ba. Ga Maribeth da ɗan maraƙi, ga Maribeth a ɗakin gwaji, ga Maribeth ta ci kyautar ɗinki a baje kolin gunduma. Shafin "'yan ajinmu" hoto ɗaya ne a tsakiya. A baya ta bar shafi huɗu farare, yadda ake yi. Ranar Lahadi ta kawo coci aka yi ta miƙawa. Mutum goma sha ɗaya suka rubuta, ƙaraminsu ya ba hamsin baya. Yarinya mai hankali. Kin fi shekarunki. Ba ki taɓa sa uwarki ciwon kai ba. Maribeth ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta yi godiya.

Sai ta miƙa wa Kendra. 'Yar tawa ta ciji murfin biro, ta rubuta da manyan baƙaƙe a karkace: "Ke kullum warin saniya kike. Kar ki canza." Maribeth ta karanta, ta fashe da wata irin dariya har da buga cinya, ta kai wa Kendra duka a kafaɗa. Ban taɓa jin ta yi dariya haka ba.

Lorene ba ta wurin, tana wanke kwanuka. Washegari ta buɗe littafin ita kaɗai ta gani. Ita da aka yi wa dariya shekara biyar ba ta san akwai zagin da ake yi don ƙauna ba, a kunnenta duk ɗaya ne. Ta ɗauko sitikar fure, irin wadda take manna wa yaran in sun ci gwaji, ta zaɓi babba, ta rufe rubutun ruf. Ta ma kira ni a waya ta ce in ja wa Kendra kunne.

Dwight ne ya ba ni labarin sauran, kuma ranar ya yi maganar wata guda. Ya ce Maribeth ta sauko da littafin a hannu.

"Mama, wa ya ce ki taɓa min?"

"Zagin ki ta yi, 'yata."

"Ita kaɗai ce ta rubuta min kamar ni yarinya ce! Sauran duk kamar takardar neman aiki! Na gaji da hankali, Mama. Na gaji!"

Ta hau sama ta buga ƙofa har hoton bikinsu ya faɗo. A gidana ana buga ƙofa sau uku a rana, ba mai ɗaga kai. A gidan Lorene shi ne na farko cikin shekara ashirin da shida. Kwana biyu bayan haka yarinyar ta ce ita makarantar gwamnati za ta shiga in an koma hutu.

Ranar Alhamis da azahar ina filin ajiye motoci ina kankare cingam daga ƙarƙashin kujeru, sai ga Lorene. Ba ta taɓa taka wurin ba. Ta hau, ta zauna a kujerar farko, jaka a cinya, tana kallon kujerun kamar ta shigo asibiti.

"Yaya, ke kike ganinsu kullum. Ki gaya min ga-ga-gaskiya." Ta tsaya, ta rufe ido. Rabon da in ji harshenta ya kama har na manta. "Suna farin ciki?"

Da a coci ne da na ce ƙwarai kuwa. Amma na gaji, kuma babu Eunice Hobbs a wurin. Na ce mata ta madubin nan ina ganin yara arba'in da biyu. Wasu suna dariya tun daga hawa har sauka. Wasu suna manna goshi a gilashi. Wanda ya yi dariya yau, gobe shi ne mai manna goshin. Na ce Kendra tana kuka a makaranta, amma in na ce ta zauna gida sai ta cinye ni ɗanye.

"To wa ya yi daidai, ni ko ke?"

"Oho. Ni dai na san duk mun tsufa."

Ta yi ɗan murmushi. Ban san abin da ya shige ni ba, na ajiye wuƙar kankarar na ce, "Lorene, ranar nan a bakin famfon makaranta, da suka kewaye ki suna Lo-lo-lo. Ina wurin. Ni ma na yi dariya."

"Na sani," in ji ta. "Na ji muryarki."

Shekara talatin da tara tana ɗauke da wannan, tana ba ni ƙwai duk sati. Na zauna a kujerar da ke gefenta. Muna nan har zafin motar ya kore mu.

Tsakiyar Agusta, bakwai saura kwata, na kunna jar fitilar da ke tsayar da sauran motoci, na tsaya a ƙofar gidan Tackett. Ƙafata har ta so wucewa don sabo. Lorene da Maribeth suna tsaye kusa da akwatin wasiƙa. Maribeth ta hau, ta gaishe ni, sannan ta juya ta fuskanci yara arba'in da biyu ta ce musu barkansu da asuba, da fatan kowa ya tashi lafiya. Motar ta yi tsit, sai ta ɓarke da dariya. Wani daga baya ya ce, "Lafiya lau, Kaka!"

Hannun Lorene ya cafke ƙofar. Fuskarta ta yi fari fat, bakinta yana motsi, kalmar ta ƙi fita.

"Saki ƙofar, Lorene," na ce.

Ba ta saki ba. Kendra ta miƙe daga tsakiya ta ce, "Kai Tyrell, rufe mana baki. Ke mai warin saniya, zo nan, na kama miki wuri." Maribeth ta wuce ba ta waiwaya ba. Lorene ta bi ta da ido har ta zauna, sannan ta buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Na ja ƙofa. Ta madubi na ga ba ta motsa ba har muka sha kwana.

Yanzu wata na uku ke nan. Kada a tambaye ni ko yarinyar ta fi farin ciki, ban sani ba. Sunan Kaka ya zauna mata daram. Lissafi ta fi kowa, ɗakin cin abinci kuwa ta yi sati biyu tana ci ita kaɗai in lokacin cin abincin ajinsu bai zo ɗaya da na Kendra ba. Ta fara ciwon cikin Litinin. Sau biyu na ga goshinta a gilashi. Da uwar ta ce ta dawo gida, teburi yana nan, ta ce a'a. A coci Eunice Hobbs ta ce yarinyar ta lalace, har tana amsa wa manya da kafaɗa, Lorene ta ce mata ta ci wakenta.

Jiya da yamma Maribeth ce ta ƙarshe a motar. Kafin ta sauka ta zaro littafin shekarar nan daga jaka ta ce, "Inna, dubi abin da na tarar a kan matashina."

Na buɗe shafin baya. An cire furen. Da gani tururin buta aka kara masa, don takardar ta yi kumburi, kuma gam ɗin ya tafi da rabin rubutun Kendra. Inda baƙaƙen suka ɓace, an cike su da shuɗin biro, da kyakkyawan rubutun nan tsaye cak da ya koya wa yara huɗu karatu. "Warin saniya" kusan duk da hannun ƙanwata yake.

Na miƙa mata littafin na ce ta sauka, tana ɓata min lokaci. Na jima a wurin da jar fitila a kunne, har mai motar da ke bayana ya danna min oda.