Turmin da Na Hana Aro

Duk wanda ya daɗe a Tudun Wadan Zariya har ya aurar da 'ya, ya ci alkakina, ko ya sani ko bai sani ba. Ban yi boko ba, ban san ma'auni ba, hannuna shi ne sikelina. In na murza garin alkama tsakanin yatsu, na san irin kwaɓin da zai ba ni tun kafin ruwa ya taɓa shi. Garar amare nawa ta fita daga ɗakin girkina, ni kaina ban ƙirga ba. To ni ɗin nan ce aka wayi gari ana kawo mini jika da abincinsa a kula, kamar mai zuwa jinya asibiti.

Yaron ɗa ne ga ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, mai aiki a makarantar Kongo. Jikan kuwa maigida nake ce masa, shi kuma ya ce ni tsohuwar matarsa ce da ya kusa sallama. Tun da aka yaye shi, duk Juma'a a wurina yake kwana har Lahadi. Sai dai yaro ne da ba ya kumari. Ciki a kumbure, ƙafafu kamar sillen kara, yau zawo gobe zawo. Na ba shi jiƙo, na ba shi sabara, an yi rubutu ya sha. Uwarsa, surukata, ta yi ta yawon asibiti da shi har suka dace da wani likita da ya ce alkama ce ba ta karɓe shi ba. Wai akwai wani abu mai danƙo a cikinta, shi ke sa kwaɓi ya kama jikinsa, shi ne kuma ke cin hanjin yaron. Ba burodi, ba taliya, ba fanke, ba funkaso, ba alkaki. Ko ƙurar fulawa kada ta taɓa abincinsa.

Da ɗana ya zo mini da wannan magana, na tambaye shi ko likitan ya san da alkama ake karrama babban baƙo. Ya sunkuyar da kai ya ce haka dai aka ce. Gaskiya kuma ɗaya ce ko daga bakin wa ta fito: da aka daina ba shi, kumatu suka fito, yaro ya fara gudu a tsakar gida har yana ture mini buta.

Surukata yarinya ce mai ladabi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta yaya za ka yi faɗa da wadda ke durƙusawa har ƙasa tana ce maka Hajiya? Ta yarda ya ci shinkafata da doyata, bayan ta tambayi duk abin da ya shiga miya. Amma kayan kwaɗayi, abin da yaro ke zuwa gidan kaka dominsa, daga kularta suke fitowa: wasu 'yan ƙananan kek cikin takarda mai tattara, wai sunansu mafin, na garin shinkafa da ayaba da abarba. Ranar wata Sallah sauran jikoki suka baje a tabarma suna cin alkakina, zuma na bin hannuwansu, shi kuwa yana bakin ƙofa shi kaɗai da nasa. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Kaka, ke ba ki iya irin wannan ba ko? Mamana ce kawai ta iya."

Ba da wata manufa ya faɗa ba, yaro ne. Amma ban ji daɗin tuwon ranar ba.

Na aika aka kira mini surukata na ce ta nuna mini. Ta zo da waya, da wasu cokula a sarƙe kamar makullai, da faranti mai ramuka kamar tandar da ba ta taɓa ganin wuta ba, da gari a leda wanda ake sayo mata daga Kaduna. Wata Baturiya na ta surutu a cikin wayar, ita kuma tana tsayar da ita tana fassara mini. Ta ce za ta kawo mini obin, wato murhun gashi na lantarki. Na tambaye ta da wace wutar, wadda ke leƙo mu ta gaishe mu ta wuce? Na ce ta bar mini kurfotina da tukunya da yashi da gwangwanayen madara, da su muke gasa kek tun uwarta tana goye.

Ashe kwaɓin da babu alkama bai san zumunci ba. Na farko da na juye shi daga gwangwani, sai ya watse a hannuna kamar ginin yara a bakin rafi. Kajina suka yi Sallah ta biyu. Na biyu ƙasansa ya ƙone, cikinsa kuwa kunu, don ruwan abarba ya cika shi. Ni da amare ke layi a ƙofata, na tsaya ina kankare gwangwani da wuƙa ina waige kada wani ya shigo.

A hankali na gane halinsa. Ayaba yake so wadda ta nuna har bayanta ya yi baƙi, ita ke riƙe shi. Na je wurin masu kayan marmari a Kwangila ina tsince irin wadda suke shirin zubarwa, mai tebur ya dube ni da tausayi, ya ɗauka duniya ce ta juya mini baya, har ya ƙara mini gyara. Abarba sai an yanka ƙanana an matse ta a tsumma mai tsabta. Mangwaro mai ɗan tauri, ba wanda ya yi luguf ba. Kwakwa a goge ta da laushi. A ƙara ƙwai, a zuba farar hodar nan da ke sa kek tashi, a bar kwaɓin ya ɗan huta shinkafa ta sha ruwanta. Wuta kaɗan a ƙasa, garwashi a kan murfi. Ranar da ya fito a tsaye, kansa a tashe, jikinsa ja, maigida ya ci ya lashe yatsu ya ce ya fasa sakina.

Sai garin leda ya ƙare. Na tambayi abin da ke cikinsa, aka ce shinkafa ce kawai aka niƙa da laushi. Na ce shinkafa a Zariya har sai an je Kaduna? Na wanke tawa ta tuwo, na shanya ta bushe, na aika da ita injin bakin layinmu kamar yadda na saba aikawa da komai. Gari ya dawo fari tas. Na gasa, yaro ya ci ya ƙara.

Washegari da safe na same shi a kan tabarma ya naɗe kamar kifi, yana riƙe da ciki. Kafin azahar ya yi hanyar bayi ban san sau nawa ba. Ubansa ya zo ya saɓa shi a kafaɗa ya tafi da shi gida.

Bayan kwana biyu surukata ta zo. Ta durƙusa, ta gaishe ni, ta tambayi ƙafata, ta tambayi kaji, ta yi ta zagaye. Sannan ta dubi ƙasa.

"Hajiya, ko dai an ɗan barbaɗa fulawa kaɗan don ya kama jikinsa? In mantuwa ce ai ba komai."

"'Yar nan, ni zan ba jikana abin da zai kwantar da shi, sannan in ɓoye?"

Ta ce ba haka take nufi ba, ta yi ta ba ni haƙuri. Amma da yamma ɗana ya kira ni a waya ya ce yaron zai riƙa zuwa da rana tare da uwarsa, maganar kwana a dakata tukuna har a gano abin da ya faru. Juma'ar nan ta zo ta wuce, butata na zaune inda na ajiye ta, ba wanda ya ture ta.

Na zauna na bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Ƙwai nawa ne, na kajina. Mai sabo ne, sukari sabo, gwangwanaye na wanke su da hannuna. Abu ɗaya ne kawai ya fita daga idona, shi ne niƙa. Na ɗebi wata shinkafar, na yafa mayafi, na tafi injin da ƙafata.

Na tarar da layi. Matar da ke gabana alkama ta kawo, ta biki, cike da kwano. Mai inji ya zuba, inji ya yi ta ruri, farin gari ya rufe bakin injin, ya rufe bel, ya rufe har girar mutumin. Da ya gama ya ɗan bubbuga mazurari da sanda, ya miƙo hannu zai karɓi nawa. Na riƙe kwanona.

"Malam, ba ka wanke shi kafin ka zuba na wani?"

"Hajiya, inji ai ba ya alwala. Na gaba ya bar wa na baya, na baya ya bar wa mai zuwa. Haka kike ci tun ina yaro."

Kuma gaskiyarsa. Wace mace ce ba ta san garin da ya fara fitowa na wadda ta riga ta ne ba? In ka bi bayan mai barkono, kununka ya yi yaji, a yi dariya a sha. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan cuta. Na ce ya kwance injin ya wanke mini, ya ce in na saya masa sabo zai ajiye shi don jikana shi kaɗai. Matan layi suka kwashe da dariya, wata ta ce yaran yanzu har cikinsu ɗan boko ne. Na ɗauki shinkafata na dawo gida ba niƙa.

Ban aika da ban-haƙuri ba, don ban ga abin da na yi ba. Aikawa na yi surukata ta zo ta ji. Da na gaya mata ta dafe kai, ta ce likita ya yi maganar rariya da cokali, amma inji bai taɓa faɗo mata a rai ba, tunda ita a leda take saye. Sai ta dubi tsohon turmina a gindin bango, ta dube ni. Na gane. Turmin nan ya sha surfen alkama tun ina amarya, duk tsagar da ke cikinsa akwai ta. Rariyata haka, muciyata haka, ƙoraina haka. Gidan mai alkaki ne, har bangon ɗakin girki alkama ce.

Na sayi sabon turmi da taɓarya, da rariya, da kwano, da ludayi. Na kai su ɗakin kwanana, bayan gado, na lulluɓe da zane.

A nan wata sabuwar fitinar ta tashi. Maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu tun muna da jajayen sawu, ta ga an shigo da sabon turmi. Tsakanina da ita babu nawa babu naki: wuta, gishiri, tukunyar biki, duk aro muke yi. Ta aiko a ba ta turmi, na ba da tsohon. Sai ga ta da kanta.

"Tsohon ne nawa, sabon na 'yan boko ko?"

Na zaunar da ita na yi mata bayani tun daga likita har inji. Ta ce za ta wanke in ta gama. Na ce ba ya wankuwa. Ta ce ita ma ta haifa ta kuma ga jikoki, ba ta taɓa jin wanda turmi ya kayar ba. Na ce duk da haka. Tunda nake ban taɓa hana maƙwabci aro ba sai ranar. Kafin mako ya zagayo, a gidan sunan da aka yi a layinmu, na zama tsohuwar da rowa ta kai ta kwana da turmi. Har wata ta tambaye ni ko ina shafa masa mai.

Na ce wa surukata wannan karon a gabanta za a yi komai, daga jiƙa shinkafa har sauke tukunya, gani ya kori ji. Ta zo ranar Alhamis. Na tsane shinkafa na fara daka, kafaɗata na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Sai ta ajiye jaka, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta karɓi taɓaryar. Ashe ta iya. A wurin kakarta ta Dutsen Abba ta koya, ba ta taɓa faɗa mini ba. Na ce mata tana ɗaga hannu da yawa, don dai kada ta ji daɗi. Muka daka, muka tankaɗe, muka mayar da tsaki muka sake dakawa, muka shanya garin a ɗaki. Washegari na gasa tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana kallo. Yaro ya ci, suka tafi da shi gida don su sa masa ido.

Kwanakin nan duk wayar da ta yi ƙara sai in yi wuf in ɗauka. Da ɗana ya kira, sai da ya gama tambayar ƙafata da kajina, shi ma ya koyi zagaye, sannan ya ce yaro lafiya lau, yana can yana ƙwallo.

Juma'ar da ta biyo suka sauke shi a ƙofar gida da jakar kayansa, uwarsa ta ce sai Lahadi. Na ajiye masa kek a faranti. Ya zauna ya sa yatsa yana tsince mangwaro da abarba yana jerawa a gefe, wai shi ayaba kawai yake so, kuma na Mamansa yana da takarda mai ado. Na ce masa mijin da ba ya kawo cefane ba ya kushe girki.

Da rai ya yi mini daɗi sai na zuba wasu a faranti na aika wa maƙwabciyata, a wuce wurin. Ita kuwa ba ta mayar da kwano haka nan, tarbiyyarmu ɗaya. Ina tsaye a zaure sai ga farantin ya dawo da funkaso mai zafi, har da mai yana naso. Na tare shi a nan. Mayarwa cin fuska ne, shiga da shi ciki kuwa ga maigida a tsakar gida. Na juya wa ƙofa baya na tsaya ina ci da sauri kamar ɓarauniya a gidana, ina tunanin inda zan wanke hannu da inda zan jefa farantin.

"Kaka, me kike ci?"

"Goro ne, maigida. Ba na yara ba ne."