Takun Baba Yahuza

A unguwar Yalwawa da ke Dutse, idan kwamfuta ta ƙi tashi ko na'urar buga takarda ta cije, gidan Misbahu ake nufa. Shekararsa arba'in da uku, goma sha shida daga ciki ya yi su yana kula da kwamfutocin wani ofishin gwamnati. Dogo ne, ba mai yawan magana ba, kuma an san shi da hali guda: ba ya danna amincewa sai ya karanta duk abin da kwamfuta ta rubuto, ko da shafi uku ne. Martha, 'yar Filato da teburinta ke gefen nasa, takan ce masa, "Malam Misbahu, ai ko wasiƙar budurwa ba a yi mata irin wannan karatun."

Halin ya samo shi ne daga Malam Maharazu, wanda ya koya masa aikin, ya kuma rasu shekara biyu da suka wuce. Shi ne a shekarar 2014 ya haɗa wa kwamitin maƙabartar unguwarsu rajista a kwamfuta. A maƙabartar ba a kafa dutse mai suna. Tudun ƙasa ne da reshen itace, kuma damina uku ta isa ta shafe su. Don haka duk wanda aka binne akan rubuta sunansa da ranar, da lambobi biyu: taku nawa ne zuwa gabas daga kusurwar katanga, taku nawa ne zuwa kudu. Mai haƙa kabari na lokacin, Baba Yahuza, shi yake takawa ya faɗa, Malam Maharazu ya shigar.

A cikin sunayen akwai na Ummi, 'yar Misbahu, wadda zazzaɓin kwana biyu ya ɗauke a 2018 tana da shekara uku. Matarsa Munira ba ta taɓa ganin wurin ba, tun da mata ba sa shiga. Kowace Juma'a idan ya dawo daga ziyara, takan miƙo masa ruwa ta ce, "Baban Ummi, tudun yana nan?" Shi kuma ya ce yana nan.

A watan Agustan bara aka kwana biyu ana ruwa. Da Misbahu ya je ranar Juma'a sai ya tarar ɓangaren yara ya zama fili sumul, kamar an share shi da tsintsiya. Ya tsaya ya yi addu'a yana fuskantar inda yake zato. Da ya koma gida Munira ta yi tambayarta, ya ce yana nan.

A makon ne kwamiti ya kafa turakun sababbin kaburbura a inda suke ganin babu kowa, domin lokacin zazzaɓi ne, kuma wuri ya ƙare. Sabon mai haƙa, Saifuddeen, ya ce ba zai sara ƙasa ba sai an duba rajista. Tsohuwar kwamfutar kuwa, wadda ke ajiye a ɗakin kwamiti, tana ta ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Misbahu ya samu ya kwashe abin da ke cikinta kafin ta mutu gaba ɗaya. Wani ɗan kwamiti ya kawo sabuwa, aka ce ya mayar da komai kafin Juma'a.

Ranar Litinin ya tafi da ita ofis, ya zauna a kanta lokacin hutun rana. Aikin ba baƙonsa ba ne. Ana bukatar babbar manhajar rumbun bayanai, wadda za ta riƙe sunayen, sai kuma wani ɗan ƙunshin manhaja da Malam Maharazu ya rubuta da kansa, wanda ke fitar da taswira. Ya fara sa ƙaramin, ya shiga lafiya. Da ya zo kan babbar sai kwamfuta ta tsaya. Dukansu biyu suna dogara ne da wata manhaja ta uku. Babbar tana son sabuwar siga, ƙunshin Malam Maharazu ba ya aiki sai da tsohuwa, kuma sigogin biyu ba sa zama tare. Kwamfutar ta kawo shawararta: za ta cire ƙunshin, ta sa sabuwar siga. A ci gaba?

"Danna mana," in ji Martha, tana leƙowa da kwanon wake a hannu. "Ba ka ce sunayen suna hannunka ba? Ka jefar da tsohon ɗan abin nan."

"Bari in ga me ya rubuta a jikinsa."

Ya buɗe bayanin ƙunshin. A inda masu manhaja kan rubuta amfaninta da Turanci, layi ɗaya ne da Hausa: Kada a cire, a cikinsa akwai ƙafar Baba Yahuza. Misbahu ya ji kamar an yi maganar a bayan kunnensa, da muryar nan mai ɗan kaushi, har ya waiwaya. Babu kowa sai fanka da ke juyawa.

"Allah ya jiƙan Oga," in ji Martha a hankali. "Ko bayan ya tafi yana ba ka aiki."

Ya gwada duk hanyar da ya sani. Ya nemi tsohuwar sigar babbar manhajar, ya tarar an daina rarraba ta. Ya nemi asalin rubutun ƙunshin don ya gyara shi, babu shi a cikin abin da ya kwaso. Akwai hanyar tilasta wa kwamfuta ta sa duka biyun, amma ya san taswirar da za ta fito ba abin dogaro ba ce. Daga baya ya ce a ransa, me zai hana ya bi lambobin kai tsaye? Na Ummi suna gabansa: gabas arba'in, kudu goma sha biyar.

Bayan la'asar ya je maƙabartar ya taka daga kusurwa. Takun ya fitar da shi daga ɓangaren yara gaba ɗaya, ya tsayar da shi a kan dogon kabarin wani dattijo da aka binne a shekarar. Ya koma ya sake, nan dai ya tsaya. Ya daɗe a wurin, gumi yana bin bayansa. In da kwamiti ya bi lambobin nan a haka, to kowane yaro ya tashi daga inda yake.

Washegari ya nemi izini ya hau mota zuwa Kiyawa, inda Baba Yahuza ya koma wurin 'ya'yansa tun da ido ya yi rauni. Ya same shi a zaure a kan buzu, sanda a gefe.

"Wa nake ji? Dogon Maharazu ne? Har yanzu kana buga kai a ƙofar mutane?"

"Ni ne, Baba. Mun same ku lafiya?"

Bayan gaisuwa Misbahu ya karanta masa layin. Tsohon ya yi dariya har da tari.

"Ka tuna shekarar da babur ya buge ni a hanyar kasuwa?"

"Na tuna, Baba. 2017."

"To daga nan ƙafar nan ta gajarce. Ni kuwa na ci gaba da takawa ina faɗa. Wani ɗan kwamiti ya ce a sayo tef na awo, na ce ba fili nake sayarwa ba da zan ja tef a kan bayin Allah. Maharazu bai ce mini komai ba. Wata rana dai ya ce in raka shi ta jikin katanga, wai yana duba inda ta tsage. Ina tafe yana motsa baki. Yana tsammanin ban gane ba! Bulo yake ƙirgawa. Da can taku goma nawa bulo goma sha shida ne. Ranar nan goma sha biyu ya samu."

"Bai faɗa wa kowa ba?"

"Ya faɗa a ce tsoho ya gaza, a karɓe mini aiki? Ai Maharazu yana da kara. Ya zuba abinsa a cikin na'ura ya yi shiru, ni ma na yi shiru." Ya lalubo hannun Misbahu ya riƙe. "Yarinyarka ce ko? Ni na sa ta da hannuna. Ba ta da nauyi."

Misbahu ya yi masa sallama ya fito.

A hanya ya gane abin da ƙunshin ke yi: yana duba ranar da aka binne mutum, ya zaɓi tsawon takun da ya dace. Da ya danna amincewa ranar Litinin, da sunaye sun tsira, wuraren sun ɓace, kuma babu wanda zai sani sai fatanya ta taɓa likkafani.

Ranar Laraba ya keɓe wa ƙunshin wani ɗaki na dabam a cikin kwamfutar, ya zuba masa tsohuwar sigar da yake so, inda ba za ta haɗu da sabuwa ba. Ya sa babbar manhajar a waje, ya buɗe musu hanyar magana da juna. Sau biyu abin yana ƙi. A na uku taswira ta fito, ɗigo-ɗigo, fiye da dubu biyu. Martha ta kalli allon, ta ajiye cokalinta. A ƙarƙashin layin Malam Maharazu, Misbahu ya rubuta lissafin bulo duka biyun da ranar hatsarin, ya ƙara da cewa takun Saifuddeen ma yana jiran awo.

Da safiyar Juma'a ya je da takarda, shi da Saifuddeen. Bai taka ba, bulo ya bi yana taɓawa da yatsa: arba'in da takwas zuwa gabas, sannan tsawon bulo goma sha takwas zuwa kudu. Inda suka tsaya akwai turken kwamiti, an ɗaura masa jan ƙyalle, alamar nan za a fara haƙa.

Saifuddeen ya yi salati, ya sauke fatanyarsa. Misbahu ya durƙusa ya zare turken da kansa. Ƙasar da danshi, ta biyo shi kaɗan. Sannan ya fara tara ta da tafin hannu, ɗan tudu daidai tsawon yarinya mai shekara uku. Sun cire turaku goma sha ɗaya daga kan kaburbura kafin a kira salla.

Da ya shiga gida Munira ta miƙo ruwa. Kafin ta yi tambayar, idonta ya sauka a kan gwiwoyin wandonsa da faratansa.

"Ruwa ya shafe shi, Munira," in ji shi. "Wancan makon ban gaya miki gaskiya ba. Yau na same ta, na tayar da shi."

Ta riƙe kofin ba ta sake shi ba. "Ka tabbata nan ne?"

"Na tabbata."

Sai ta sunkuya ta zuba masa ruwan a hannu, ƙasar tana gangarawa cikin tsakar gida.