Bidon maganin wake a iyakar Ɗan Issa

Ana sallame sallar asuba muka bar tashar Dakoro, ni da maƙwabcina, a wata tsohuwar mota da aka cusa mu ciki har gwiwa ta rasa wurin zama. Ni rakiya ce ta kai ni. Shi kuwa tsutsa ce ta faɗa wa gonar wakensa da ke kan hanyar Adjekoria, daidai lokacin da waken ya fara fure. Geronsa bana bai yi abin kirki ba, saboda haka waken nan ne abincin gidansa. Yayansa da ke zaune a Jibiya, can Najeriya, ya kira shi ya ce ya zo ya karɓi maganin feshi mai ƙarfi, kyauta. Sai maƙwabcina ya ɗaure cuku, busasshen nonon nan namu, a tsumma don tsaraba, muka kama hanya.

Damina ta yi wa hanyar kyau. Gero ya fi mutum tsawo hagu da dama, makiyaya sun yi arewa da dabbobinsu, sai awakin gida da ke ƙetare kwalta yadda suka ga dama. A Kornaka muka sha fura da nono, nonon ya yi araha kamar kullum a wannan lokaci. Daga Maradi muka sake mota. Masu canji sun cika tasha da dam ɗin naira a hannu, kowa na rantsuwa nasa farashin ne na gaskiya.

Jibiya kasuwa ce da ba ta san gajiya ba. Yayan ya karɓe mu da tuwon masara da miyar kuka, ya yaba cukun ƙwarai. Da safe ya kai mu bayan shagon wani abokinsa, inda aka tsiyayo maganin daga wata babbar ganga aka cika mana bidon rawaya, wato jarka irin ta man girki. Ba suna a jikinsa, ba hoto, ba rubutu ko ɗaya. Warinsa kaɗai ya isa ya sa ƙuda sauya unguwa. Maƙwabcina ya rungume bidon a cinya, fuskarsa sai walƙiya take.

A dawowa, mun wuce 'yan duwan, wato kwastan, a Ɗan Issa ba wata matsala. Kusa da su akwai wani ƙaramin biro, ofishin masu duba tsirrai da magungunan gona, wanda a zuwa ko kallonsa ban yi ba. Wani ma'aikaci mai sanyin magana ya shinshina iska, ya nuna bidon, ya ce a sauko da shi. Ya tambayi takardar izinin shigo da shi.

Maƙwabcina ya yi dariya, ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ba ɗan kasuwa ba ne hwa. Ban saya ba, ba ni saidawa. Yayana ya ba ni, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ma'aikacin ya ja mana benci ya yi bayani a natse. A doka, in ji shi, shigo da maganin guba ba ya nufin ciniki. Duk wanda ya sa abin ya ƙetaro iyaka ya shigo ƙasa, shi ne mai shigowa da shi, ko tirela ce ko kwalba guda, ko saye ne ko kyauta, ko gonarsa zai fesa. Kuma ba a barin wani magani ya shigo sai wanda hukuma ta gwada ta amince da shi, yana cikin mazubinsa na asali da sunansa a jiki. Wannan kuwa ba wanda zai iya cewa mene ne, har wanda ya ba da shi.

"To ba ni abina in maida mishi," in ji maƙwabcina.

Nan ma hanya ta toshe. Ma'aikacin ya ce bidon ya riga ya taka ƙasar Nijar. Ɗaukarsa a koma da shi fitar da guba ne zuwa wata ƙasa, kuma wannan ma yana da nasa izinin, sannan mutanen can za su ɗauki maƙwabcina a matsayin mai shigo musu da ita. Na duba ta taga, ga Najeriya can ana hango ta, tafiyar da akuya ke yi kullum ba takarda. Abin ya so ya ba ni dariya, amma da na dubi maƙwabcina sai tausayinsa ya kama ni. Aka ajiye bidon a wani ɗaki inda ire-irensa suke jere. Ba a ci mu tara ba, ba a kuma ɗaga mana murya ba.

A Maradi muka je shagon da ma'aikacin ya kwatanta mana. Abin da ke aljihun maƙwabcina ya isa kwalba ƙarama guda, mai suna da hoton safar hannu a jiki, wadda mai shagon ya ce ba za ta wuce rabin gonar ba. Har muka iso Dakoro da la'asar maƙwabcina sai juya kwalbar yake a hannu.

Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, mu iyakar nan mun ɗauke ta hanyar zuwa gidan dangi, amma doka ba ta tambayar wa ya ba ka, inda kayan ya ƙetara take dubawa. Wanda zai je karɓo maganin gona, ya fara tambaya tun yana gida.

Washegari da sassafe na raka shi gona. Yana cikin haɗa maganin a famfon feshi yayansa ya kira, yana tambaya ko kaya ya iso lafiya. Maƙwabcina ya ce, "Lahiya lau, Yaya. Allah shi bar zumunci." Ya kashe wayar, ya goya famfon, ya tsaya a bakin gonar yana duban gabas da yamma, yana zaɓen rabin da zai bar wa tsutsa.